Shiri da Amana a Kan Hanyar Hamada: Waiwaye a Kan Shaihu Umar

Gabatarwa

Manazarta da dama sun dubi littafin Shaihu Umar na Abubakar Tafawa Ɓalewa, wanda ya fito a 1934 bayan gasar da Hukumar Fassara ta Zariya ta shirya a 1933, ta fuskar jigon bauta. Mu kuwa a wannan ɗan taƙaitaccen nazari za mu dube shi ne ta fuskar shirin ƙetare Hamada. Ra'ayinmu shi ne, a cikin littafin, babban guzurin matafiyi shi ne mutumin da ya danƙa wa amanar kansa.

Tafiya Uku

Sau uku labarin ya shiga Hamada. Na farko shi ne lokacin da Balarabe Abdulkarim ya ɗauki Umar yana yaro daga Kano zuwa Ber Kufa. Wannan tafiya ce ta ayari, wato irin wadda fatake kan yi wa tanadin raƙuma da salkunan ruwa da madugu masanin zango-zango. Umar bai shirya komai da kansa ba, amma ya faɗa hannun mai amana, ya isa lafiya, har ya zama malami.

Tafiya ta biyu ta mahaifiyarsa ce. Ita ba ta da ayari nata, ba ta san hanya ba, begen ɗanta kaɗai ke jan ta. Sai ta dogara ga wanda ya yi alkawarin kai ta, aka ci amanarta, ta ƙare baiwa a Tarabulus. Idan muka jera tafiyoyin biyu, za mu ga rairayi ɗaya suka taka, abin da ya bambanta ƙarshensu shi ne halin jagora. A nan marubucin ya yi ƙwarewa, domin bai tsaya yi mana wa'azi ba, ya bar zubin labarin ya faɗi maganar.

Tafiya ta uku ita ce ta komowa, inda guguwar rairayi ta halaka ayarin, Umar ya tsira. Hikimar da ke nan ita ce tunatar da mai karatu cewa shiri ba ya hana ƙaddara.

Inda Littafin Ya Gaza

Duk da haka, muna ganin marubucin ya yi gaggawa. Tafiyar da kan ci watanni sai ya naɗe ta cikin 'yan shafuka. Domin a gane girman abin, a tuna cewa Dorugu, yaron nan Bahaushe da ya bi Heinrich Barth, ya bar Kukawa a watan Mayu na 1855, suka ratsa Bilma da Murzuk, ba su isa Tarabulus ba sai a watan Agusta. A tafiya irin wannan, lissafin kwanakin da ke tsakanin rijiya da rijiya shi ne lissafin rai. Da marubucin ya tsayar da mu a kan rabon ruwa da shawarar madugu da gardamar fatake, da guguwar ƙarshe ta fi girgiza mu, domin sai mun ga yawan tanadin da aka yi za mu ji zafin rushewarsa. Rashin wannan ya sa mai karatu na iya fita da zaton cewa tanadi da sakaci duk ɗaya ne a gaban Hamada, alhali tafiyar mahaifiyar ta nuna akasin haka.

Kammalawa

Wannan batu bai tsufa ba. Mota ta gaji raƙumi, amma ƙishirwa tana nan yadda take. A watan Oktoba na 2013 an tsinci gawawwaki 92, galibi mata da yara, a arewacin Arlit kusa da iyakar Aljeriya, bayan motocinsu sun lalace. Yawancinsu mutanen yankin Kance ne a jihar Damagaram, wato Hausawa 'yan'uwanmu. Kamar mahaifiyar Umar, su ma sun ba wani amanar rayukansu a kan hanyar da ba su sani ba.

Saboda haka muna kira ga ɗalibanmu masu ƙaga labari a wannan mujalla, idan za su kai taurarinsu hanyar Agadas, su fara da shirin tafiyar: wane ne direba, jarka nawa ta ruwa aka ɗaura, wa ya karɓi kuɗi, wa aka bari a gida yana jiran labari. Tafawa Ɓalewa ya nuna mana cewa Hamada ma'aunin amana ce. Abin da ya rage wa masu tasowa shi ne su rubuta dalla-dalla abin da shi ya taƙaita.