Fili Ɗaya, Wasa Biyu: Sharhi A Kan Filin Jack Coffey Na Jami'ar Fordham

Duk wanda ya ɗan zauna a Amurka ya san cewa a wannan ƙasa sau da yawa ana sanin jami'a da filin wasanta kafin a san ta da ɗakin karatunta. Don haka na ga ya dace a wannan fitowar in yi sharhi a kan wani fili da ke unguwar Bronx ta birnin New York, inda 'yan uwanmu Hausawa daga Gana da Nijar da Nijeriya suke zaune da dama. Filin shi ne Jack Coffey, na Jami'ar Fordham, wanda aka buɗe a 1930, yana kuma ɗaukar 'yan kallo 7,000. Abin da ya ja hankalina gare shi, fili ɗaya ne amma ana buga futbol, wato ƙwallon Amurka ta ture da kokawa, ana kuma buga besbol, wadda ake dukan ƙwallo da sanda a zagaya da gudu. Har ƙwallon ƙafa irin tamu tana da rabo a cikinsa.

Sai mai karatu ya gane siffar wasannin biyu kafin ya ga wahalar haɗa su. Filin futbol dogo ne mai kusurwa huɗu, tsawonsa yadi 120, faɗinsa yadi 53 da ɗoriya, kuma wurin zama mafi daraja shi ne gefe, daidai tsakiya. Filin besbol kuwa kamar mafici yake. Yana farawa daga tsini ɗaya inda mai duka yake tsayawa, ya yi ta buɗewa har zuwa shingen baya mai nisan ƙafa 300 zuwa 400. Tsakanin kowace matsaya da ta gaba ƙafa 90 ne, kuma mafi yawan abin kallo a nan kusa da tsinin yake faruwa. Ke nan kujerar da ta fi kyau a wasa ɗaya ita ce mafi muni a ɗayan. Taura biyu ke nan a baki ɗaya.

Manyan biranen Amurka sun gwada tauna su. A shekarun 1960 da 1970 sun gina manyan filaye zagayayyu kamar kwano don ƙungiyoyin ƙwararru na wasannin biyu, irin su Three Rivers a Pittsburgh da Veterans a Philadelphia. Masu kallon besbol suka ce an nesanta su, masu kallon futbol suka ce an karkatar da su. An rushe na Pittsburgh a 2001, na Philadelphia a 2004. Na ƙarshe da ya rage ana raba shi haka shi ne na Oakland, shi ma rabon ya ƙare da ƙungiyar Raiders ta tashi bayan kakar 2019. Hukuncin da akasarin masu sharhi suka yanke shi ne haɗin bai yi ba. Ni kuwa ina ganin wannan hukunci ya dace da ƙwararru masu neman kuɗin tikiti, amma bai kamata a ɗora shi a kan filin makaranta ba, kuma Jack Coffey shi ne hujjata.

Dabarar da aka yi a nan mai sauƙi ce. Ba a yi ƙoƙarin sa kujera ɗaya ta yi aiki biyu ba. Filin futbol ya kwanta a cikin sararin baya na besbol, inda ciyawa ce zalla. An kafa babban wurin zaman 'yan kallon futbol a gefe guda kawai, aka bar ɗaya gefen a buɗe, can kuma a kusurwa aka yi wa besbol nata ƙaramin wurin zama a bayan mai duka, wanda ake kira Houlihan Park. Ƙasa ce aka raba, kowa da mazauninsa. Kalanda ma ta taimaka, domin futbol ta jami'o'i daga ƙarshen Agusta zuwa Nuwamba ake yin ta, besbol kuma daga Fabrairu zuwa Mayu. A 2005 aka shimfiɗa ciyawar roba, wadda ke jure tattaki daga kaka zuwa bazara.

Ba zan ɓoye aibin wannan tsari ba. Na farko, filin futbol mai gefe ɗaya ba ya riƙe sowa. A filayen da kujeru suka kewaye, ihun jama'a yana dawowa kan 'yan wasa har baƙi su kasa jin junansu, amma a nan iska ce ke kwashe shi ta gefen da babu kowa. Na biyu, magoya bayan gida da na baƙi duk a ɓangare ɗaya suke, babu wannan armashi na tsayawa fuska da fuska ana mayar wa juna da martani. Na uku, layukan wasa ɗaya suna ratsa na wani, har baƙon ido ya ɗan rikice kafin ya gane iyakar da ake bi. Wanda ya saba ganin futbol a talabijin zai ji kamar an gina rabin fili an manta da sauran.

To amma tarihin jami'ar ya nuna ba mantuwa ba ce. Fordham ta taɓa zama gagarabadau a futbol. Vince Lombardi, wanda kofin gasar Super Bowl ke ɗauke da sunansa, ɗan wasanta ne a 1936, lokacin da take buga manyan wasanninta a filin Polo Grounds gaban dubban jama'a. Wasanta da Waynesburg a 1939 shi ne wasan futbol na farko da aka nuna a talabijin, kuma a 1942 ta ci Missouri 2 da nema a gasar Sugar Bowl. Duk da haka bayan kakar 1954 ta rufe wasan ɗungurungum saboda asarar kuɗi. Ɗalibai ne suka farfaɗo da shi a 1964, ya dawo a hukumance a 1970, amma a ƙaramin mataki. Besbol kuwa ta girmi futbol a can, tun 1859 ake buga ta, kuma shi kansa Jack Coffey mutumin besbol ne, wanda a 1918 ya yi wasa tare da Ty Cobb a Detroit da Babe Ruth a Boston, sannan ya daɗe yana horar da ƙungiyar jami'ar. Wanda ya san wannan zai ga filin a matsayin hoton makarantar da ta ɗanɗana girma, ta san farashinsa, ta koma daidai ruwa daidai tsaki.

A kwatanta da filin Jami'ar Michigan mai ɗaukar mutum 107,601, wanda ƙungiyar futbol ke buga wasa bakwai ko takwas a cikinsa a shekara. Michigan tana iya cika shi, amma ƙalilan ne irinta. A lissafin hukumar wasannin jami'o'i ta NCAA na 2019, makarantu 25 kacal daga cikin 130 na babban rukuni ne sashen wasanninsu ya samo fiye da abin da ya kashe. Sauran giɓin daga ina ake cike shi? Daga asusun jami'a, kuma a makarantu da yawa daga kuɗin wasanni da ake ɗora wa kowane ɗalibi, har da ni da kai da ba mu taɓa riƙe wannan ƙwallo mai siffar gwanda ba. Ina ba kowa shawara ya buɗe takardar kuɗin makarantarsa ya karanta layi-layi.

Hukuncina shi ne, a wajen ɗan kallo Jack Coffey matsakaicin fili ne, amma a wajen ɗalibi mai wasa da ɗalibi mai biya, fili ne mai kyau, domin kusan duk shekara ana morar sa. Mu da muka taso inda filin makaranta ɗaya yake ɗaukar ƙwallo da guje-guje da fareti bai kamata mu raina irin wannan ba. Da yawa daga cikinmu za su koma gida su zama injiniyoyi, malaman jami'a, ko 'yan kwamitin ba da kwangila. Ranar da aka kawo muku zanen katafaren fili, kafin ku tambayi mutum nawa zai ɗauka, ku fara tambayar kwana nawa za a buɗe shi a shekara, kuma wa zai biya kuɗin gyaransa.

Wanda ke New York kuma yake da hali, ya hau jirgin ƙasa ya sauka a tashar Fordham, ya je sau ɗaya a Oktoba, ya koma a Afrilu, sannan ya rubuto wa wannan mujalla ko mun yi daidai. Allah ya ba mu sa'ar karatu.