Masu Sa Wa Tsuntsaye Zobe

Tun da assalatu mai sa wa tsuntsaye zobe yake kafa ragarsa. Baƙar raga ce mai siririn zare, in aka ɗaura ta a kan sanduna a gaban duhuwa, ko mutum sai ya matso yake ganin ta. Tsuntsu ya taho a guje ya faɗa ciki, ya maƙale ba tare da ya ji ciwo ba.

Fitar da shi ne aikin da yake burge ni. Wasu daga cikin baƙin da ke zuwa mana daga Turai da kaka nauyinsu bai wuce giram 10 ba, ƙafarsu kamar tsinken tsintsiya. Gwani sai ya fara gano ta gefen da tsuntsun ya shiga, ya kwance ƙafafu, ya bi fukafukai a hankali, ya zare kai. Sai ya sa wuyan tsakanin manuniya da yatsan tsakiya, bayan tsuntsun yana kwance cikin tafin hannu. Ya ɗauki filaya ya rufe zoben alminiyam mai lamba da adireshi a ƙafar, daidai yadda zai juya amma ba zai zame ba. Ya auna fiffike da rula. Sannan ya hura gashin ƙirji da bakinsa, gashin ya dare, ya duba kitsen da ke ƙarƙashin fata, rawaya-rawaya. Wannan kitsen shi ne guzurin ƙetare Sahara, don haka da kallo ɗaya ya san ko tafiya ta kusa. Ya ɗora shi a sikeli, ya rubuta, ya buɗe hannu. Duk cikin 'yan mintoci.

Wani malamin makaranta ɗan Denmak, Hans Christian Mortensen, shi ya faro wannan dabara a 1899. Yau ana koyar da ita a nan gida, a cibiyar binciken tsuntsaye ta A.P. Leventis da ke dajin Amurum kusa da Jos.

Zobe yana faɗin inda tsuntsu ya je, ƙidaya kuma tana faɗin nawa suka dawo, sai an haɗa su ake gane bakin zaren. A 1969 masu ƙidaya a Birtaniya suka ga kusan kashi 70 cikin 100 na wani ɗan tsuntsu mai farin maƙogwaro ba su koma sheƙa ba. Da aka bi sawu, sai ga farin da ya afka wa Sahel a 1968, inda tsuntsun ke cin rani. Farin da ya ƙone gonaki shi ya cinye su. Har yanzu masu doguwar tafiya da dama raguwa suke, kuma sare itatuwa irin gawo da bagaruwa, inda suke samun ƙwari da rani, yana cikin abin da ake zargi. Wannan ya kamata ya dame mu.

Yanzu akwai 'yar na'ura, ba ta kai giram ɗaya ba, da ake goya wa tsuntsu. Ƙarfin hasken rana take adanawa, a gane lokacin fitowarta da faɗuwarta, daga nan a lissafa inda ya yada zango. Sai dai ba ta aiko da saƙo. Dole badi mai raga ya koma wurin, ya sake kama wannan tsuntsun da kansa, ya kwance ta daga bayansa kafin a karanta.