Gullisuwa, Sarauniyar Girkin Yara

Duk mai cewa akwai girkin da ya fi gullisuwa dacewa da hannun yaro, ya zo mu zauna, don ni kam ban yarda ba, kuma na san da yawanku kuna bayana. Ku duba abin da take nema: madarar gari, sukari, ɗan ruwa, sai man suya. Shi ke nan fa. Babu yis da za a zauna jiran ya tashi, babu mikza, babu oben, babu zaman jiran a kawo wuta. Amma daga waɗannan abubuwa huɗu ake fitar da 'yan dunƙulallun nan jajaye-jajaye, masu sheƙi, masu ƙamshin madarar da ta ji wuta, waɗanda ke ba da ƙaras a haƙori kafin su narke su cika baki da garɗi. Kai, Allah ya yi wa wadda ta fara ta albarka!

Abin da ya sa na fifita ta shi ne kusan duk aikinta ana gama shi kafin a kunna wuta, kuma aiki ne da ƙaramin hannu ya fi babba iyawa. A wanke hannuwa da sabulu, a shimfiɗa tabarma, a ajiye faranti a tsakiya. Ɗan shekara biyar zai auno madara kofi biyu. Yayarsa ta narka sukari kamar rubu'in kofi, ko fiye kaɗan ga masu son zaƙi, a cikin ɗan ruwa. Wannan narkawar kada a tsallake ta, domin sukarin da bai narke ba shi ne ke ƙonewa a mai ya ɓata mata fuska da baƙaƙen ɗigo. Sai a riƙa zuba ruwan cokali-cokali ana cuɗawa, har ya haɗe ya yi tauri, ba ya kama hannu. In ruwa ya zarce, a ƙara madara, magana ta ƙare. Wane girki ne ke yafe kuskuren yaro cikin sauƙi haka?

Daga nan sai mulmulawa, kuma nan ne daɗin yake. Ku ba kowa ɗan curinsa ku zuba ido. Wani zai fito da harshe waje don tsananin himma, wata za ta jera nata layi-layi tana ƙirgawa da ƙarfi, auta kuwa zai mulmulo wata ƙatuwa ya ce ta Baba ce, kada kowa ya taɓa. Ga lissafi, ga haƙuri, ga rabo da 'yan'uwa, duk suna shiga ba tare da an ɗaga murya ba. Kuma tunda babu ɗanyen ƙwai ko ɗanyar fulawa a ciki, in dai ruwan mai tsabta ne, wanda ya saci ɗan gutsure ya kai baki ba abin tashin hankali ba ne. Za su sata kuwa. A auna da rarar ɓarayi tun farko.

Suya ta manya ce, wannan babu tattaunawa. Yara su koma bakin ƙofa su yi kallo daga can. Wuta ƙasa-ƙasa, mai ya yi ɗumi amma kada ya yi hayaƙi, a zuba kaɗan-kaɗan ana juyawa ba tsayawa. Madara tana da nata sukarin da furotin, ga kuma wanda aka ƙara, shi ya sa take yin ja da wuri fiye da cincin. In wuta ta yi yawa waje zai ƙone ciki yana ɗanye. A kwashe tun launin bai kai yadda ake so ba, don tana ƙara duhu bayan an tsame, kuma sai ta huce take yin taurinta. Masu son girkin Indiya za su tuna gulab jamun, wadda ita ma madara ce ake soyawa sannan a jiƙa a ruwan sukari. Tana da daɗi, ban musa ba. Amma tamu ba ta ɗiga a riga, tana shiga aljihun ɗan Islamiyya lafiya lau.

Ƙorafina ɗaya ne babba: tsadar madara. Peak tana ƙasar nan tun 1954, Cowbell ta zo a 1993 da ƙananan sacet da suka kai madarar gari kowane shago, ga Dano, ga Nido, ga ta awo da ake saya a kasuwanni irin Singa ta Kano, amma yau kowacce ka taɓa sai aljihu ya ji a jikinsa. Wannan ne ya sa wasu masu sayar da gullisuwa ke cika ta da fulawa, sai ka ciza ka ji cincin ne ya yi shigar burtu. Haba jama'a! Gara a yi kofi ɗaya na zalla da a yi kwano guda na algus. In da hali a nemi mai cikakken maiƙo, wadda ake kira ful kirim, ita ce ke ba da garɗin nan da ke zama a harshe.

'Yan'uwanta ma ina ƙaunarsu. Tuwon madara, wanda ake tuƙa madara a tafasasshen ruwan sukari, yara suna shigowa ne bayan ya sha iska, su danna shi a tire mai ɗan shafin mai, su fitar da taurari da zukata da kata ko murfin kwalba. Cincin yana ba su murzawa da yankawa, sai dai yana cin lokaci, ƙanana kan gaji su watse. Kek ɗin gwangwani kuwa, wanda ake gasawa a tukunya bisa yashi mai zafi, aikin yaro a ciki shi ne shafa bota da buga ƙwai, sauran duk jira ne. Iloka kam a bar ta sai sun girma, narkakken sukari ba abin wasa ba ne. Duk cikinsu babu wanda ke riƙe yaro daga farko har bakin kasko kamar gullisuwa.

Abu ɗaya da ba na wasa da shi: ƙanƙanuwa ce, zagayayya, mai tauri, tana iya sarƙe ɗan ƙasa da shekara huɗu. A farfasa masa, ya ci a zaune, babba na kusa. A kuma goge haƙora kafin barci, don zaƙin nan yana maƙalewa.

Saura tsohuwar gardamarmu, mai taushi ko mai tauri. Na san akwai masu kwashewa tana fara-fara, su ce ta fi ɗanɗanon madara, kuma ga masu sabon haƙori ina ba su gaskiya. Ni dai ina nan tare da 'yan ja, wadda ta soyu har ciki, wadda in an zuba a kwalba an rufe da kyau za ta yi kwanaki ba ta yi sanyi ba. Ku yi rabi haka rabi haka a wannan Asabar ɗin, ku bar yaran su yanke hukunci, ina da yaƙinin ɓangarena za su bi.