Gwanar Tafiya Ba Ƙafa

Idan wuƙa ta ɗan yanke ka a yatsa, kafin mako ya zagayo bakin ciwon ya haɗe. Ƙwayoyin halittar fata ne ke rarrafowa daga gefen raunin har su rufe shi. Ba su da ƙafa, ba su da hannu. To, da me suke tafiya?

Da wasu 'yan ƙugiyoyi na furotin da ke jikin ɓawon ƙwayar, waɗanda ɗakin binciken Richard Hynes a Amurka ya raɗa wa suna intagirin a 1986. Iri 24 ne a jikin ɗan Adam. Kan ƙugiyar yana waje, ya damƙi zaruruwan da ƙwayar ke kwance a kansu, irin su kolajin. Gindinta kuwa yana ciki, ɗaure da zaren aktin mai jan jiki. Ƙwaya ta miƙa gaba, ta kama, ta ja, ta saki baya.

A sakin nan gwanintar take. Riƙo ya yi tsanani, ƙwaya ta kafe. Ya yi sako-sako, ta yi ta santsi wuri guda. Kuma ba ta yar da duk ƙugiyar da ta gama aiki. Sai ɓawonta ya lotsa ciki, ya naɗe ƙugiyar a 'yar jaka, ta haɗiye ta. A can ciki ake tantancewa: wadda za a narkar a narkar, saura a mayar bakin aiki. Furotin Rab4 na mayar da su ta gajeriyar hanya cikin 'yan mintuna, Rab11 kuma sai ya bi da su kusa da cibiyar ƙwayar tukuna. Kamar mai tsallake taɓo da damina da katako biyu ne, ya taka ɗaya, ya ɗauko na baya ya aza gaba. Mark Bretscher na Kambirij ya nuna wannan shige-da-fice a 1989.

Abin da ya fi burge ni, ƙwayar ba ta zuba ƙugiyoyin ko'ina. Inda take son nufa, nan take kai su, wato da rabon kaya take juya akala.

Sai dai gwani ba ya zaɓen ɗalibi. Masu bincike a Gilasgo sun gano a 2007 cewa ƙwayoyin ciwon daji na amfani da Rab25 su tara intagirin a bakin gabansu, da haka suke kutsawa cikin lafiyayyen nama.