Kalma Ɗaya Ta Juya Labarin Yahuza

'Yan'uwa masu karatu, kullum a ajin yaƙi da jahilci muna faɗa muku ku lura da ƙugiya, don kafa daban, ƙafa daban. To, ga labarin manyan masana da kalma ɗaya ta kayar.

A shekarun 1970 aka tono wani tsohon littafi kusa da garin Minya, a ƙasar Masar, an rubuta shi da harshen Kibɗawa. Cikinsa akwai Linjilar Yahuza, wato almajirin da Kiristoci suka ce shi ya ci amanar Annabi Isa. Wata ƙungiya ce ta Kiristocin farko ta wallafa ta, masu cewa ilimin asiri ke tsirar da mutum. Tun wajen shekara ta 180 Iraniyus, babban limamin Kirista na birnin Liyon, ya ambace ta, ya soke ta. Daga baya ta ɓace.

Littafin ya sha wuya hannun dillalai. Ya shekara 16 cikin akwatin banki a Amurka, har ya rududduge. A 2006 ƙungiyar National Geographic ta fitar da fassararsa, aka baza wa duniya cewa ashe Yahuza amini ne, umurni ya bi.

Masu harhaɗa gutsattsarin nan sun cancanci yabo, aiki ne na haƙuri. Amma fassarar an yi ta a ɓoye, ba a bar sauran masana sun duba ba sai da aka buga. A 2007 wata malama, April DeConick, ta nuna cewa kalmar "daimon" da aka kira Yahuza da ita, wadda suka fassara "ruhu", a irin waɗannan littattafai shaiɗani ta ke nufi. Ka ga amini ya koma abin zargi. Masana sun rabu a kai, amma labarin farko ya riga ya zaga duniya, gyara kuwa bai kai inda ya kai ba.

A ganina laifin ba na rashin sani ba ne, na gaggawa ne da ƙin shawara. Mu ma a Tasawa da Mayahi akwai tsofaffin takardun ajami a gafakar kakanni. In za a juya su zuwa boko, a tara malamai biyu ko uku, a ajiye asalin inda gara ba ta kai. Sauri ya kan haifi nawa.