Shirun Cikin Mota: Fim Ɗin Drive My Car a Idon Mutanen Kudancin Katsina

A watan Yulin 2021, fim ɗin Drive My Car na Ryusuke Hamaguchi, ɗan ƙasar Japan, ya lashe kyautar tsara labari a bikin fina-finai na Cannes da ke Faransa. Ba a cika wata biyu ba Gwamna Aminu Bello Masari ya sa hannu a dokar da ta hana motocin haya bin hanyar Ƙanƙara zuwa Sheme, aka ce su zagaya ta Funtuwa. Babu abin da ya haɗa al'amuran nan biyu sai shekara. Amma wanda ya kalli fim ɗin tare da mutanen Ƙanƙara da Faskari da Sabuwa, kamar yadda na yi sau uku bayan na gama hidimar ƙasa, ba zai ƙara iya raba su ba.

Labarin, wanda aka ɗauko daga gajeren labarin Haruki Murakami, ba shi da rassa da yawa. Kafuku, mai shirya wasan daɓe, ya dawo gida wata rana a makare ya tarar da matarsa Oto ta faɗi, rai ya yi halinsa. Bayan shekara biyu aka gayyace shi Hiroshima ya shirya wasan Uncle Vanya na Anton Chekhov, aka kuma tilasta masa ya miƙa makullin jar motarsa ƙirar Saab ga wata direba, Misaki, 'yar shekara 23, wadda magana ba ta dame ta ba. Minti 179 ne, kuma kaso mai tsoka yana wucewa ne a cikin motar, shi yana bitar wasa da muryar marigayiyar a kaset, ita tana tuƙi. Dole in amsa wani laifi: minti arba'in ɗin farko na tsallake su saboda wuraren da ba sa kalluwa a gaban jama'a, na ba da labarinsu da baki. Na san na rage wa fim ɗin ƙarfi, amma da haka da a tashe mu, gara haka.

Zama na farko a shagon cajin waya aka yi shi a Ƙanƙara, ina fassarawa daga rubutun Ingilishi da ke ƙasan hoton. Kafin a kai rabi, yawancin samarin sun zare jiki. Hukuncinsu ɗaya ne, wai babu abin da ke faruwa. Mai gaggawa zai ce ai sun saba da fassarar fina-finan Indiya da su Labarina da Izzar So, inda baki ba ya hutawa. Ni ma abin da na fara zato ke nan, kuma zato ne na mai digiri da ke raina mutanensa. Wani da ya daure har ƙarshe shi ya gyara mini. Ya ce ba gundura ta kori abokansa ba, zullumi ne. Duk lokacin da aka nuno motar daga nesa, ita kaɗai a kan titi cikin dare, na ciki sun yi tsit, gabansa faɗuwa yake yi, yana jiran a fito musu daga daji. Da aka yi ta jira ba a fito ba, sai suka ji kamar an yaudare su.

A nan ne fim ɗin da masu kallonsa suka saɓa. A salon Hamaguchi, shiru alamar aminci ce: baƙi biyu sun kai matsayin da ba sa bukatar cika mota da surutu. A wajenmu shirun mota yana da wata ma'anar. Shi ne wanda ke sauka idan an doshi wurin da aka tare hanya jiya, direba ya kashe rediyo, mai goyo ta toshe bakin ɗanta, leɓuna na motsi da addu'a. Garin da aka kwashe ɗalibai fiye da 300 daga makarantar sakandaren kimiyya a daren 11 ga Disamba 2020 ba zai karanta duhu da tsit a matsayin hutu ba. Ashe fim ɗin yana tsaye ne a kan wani ginshiƙi da bai taɓa ambata ba, wato hanya mai lafiya. Waɗanda suka ba shi kyautar Oscar a 2022 ba su da dalilin lura da ginshiƙin, domin a kansa suke zaune.

Zama na biyu da wani direban haya ne, mutumin Faskari, abokin yayana. Shi bai damu da Chekhov ba, ƙafar Misaki yake kallo. Ya yaba yadda take taka birki ba a ji, tun kafin fim ɗin ya bayyana cewa ta koyi hakan ne don kada ta tashi mahaifiyarta mai dukanta idan tana barci a mota. Shi ne kuma ya riga ni ganin babban juyin labarin: daren da Kafuku ya bar kujerar baya, mazaunin mai gida, ya dawo gidan gaba. Ya ce daga nan an daina aiki, an koma zumunci. Da na tambaye shi ko ya yarda baƙo zai faɗa wa baƙo sirrin da ya ɓoye wa kowa, sai ya yi dariya, ya ce abin da fasinja suka faɗa masa tsakanin Faskari da Funtuwa ko limami bai ji shi ba. Dalilin a bayyane yake. A mota ba a haɗa ido, kowa gaba yake kallo, kuma za a rabu a tasha. Ga al'ummar da kunya ta hana ta kallon ƙwayar idon babba, wannan zama ya fi kowane dacewa da faɗin abin da ke cin rai. A wannan gaɓar fim ɗin ya fi kusa da Bahaushe fiye da yadda mai shi zai zata.

Na uku ya fi wuyar rubutawa. A gidan da gwaggona ke haya a Funtuwa ne, tun da suka baro ƙauyensu na ƙasar Sabuwa. A ƙarshen fim ɗin su biyun sun yi doguwar tafiya zuwa Hokkaido, suka tsaya cikin dusar ƙanƙara a kan kufan gidan su Misaki, wanda zaftarewar ƙasa ta danne da mahaifiyarta a ciki, ita ta fita ba ta koma ba. A ganina nan ne raunin fim ɗin: bayan awa biyu da rabi yana barin mai kallo ya gano da kansa, sai taurarin suka shiga fassara zukatansu dalla-dalla. Gwaggo ba ta ga rauni ba. Abin da ta ƙi shi ne yadda kowannensu ke cewa shi ya kashe nasa. Ta ce wanda kwanansa ya ƙare ba saurin dawowar wani ne zai ƙara masa ba. Duk da haka ta ce in mayar mata da wurin, ta sake kallo. Ban tambaye ta dalili ba, domin na san wanda aka bari a baya daren da suka gudo.

Da aka zo jawabin Sonya na rufe wasan, wanda wata 'yar Koriya ta gabatar da maganar hannu ta kurame, na buɗe baki zan fassara, ta ɗaga mini hannu. Muka kalla a haka. Bayan na rufe kwamfutar ta jima ba ta ce komai ba, sannan ta tambaye ni ko yarinyar nan sai da ta nemi rakiyar jami'an tsaro kafin ta je ta ga kufan gidansu. Na ce a'a, Gwaggo, mota kawai suka shiga suka tafi.