Gwanin da Ke Yanka Dickens a Kan Gaɓa

Bleak House na Charles Dickens da Middlemarch na George Eliot, kowannensu ya haura shafi 800 a bugun Penguin. Zangon karatu a yawancin jami'o'in Amurka kuwa bai wuce mako 15 ba. Malamin da zai koyar da adabin Birtaniya na ƙarni na 19 ga masu neman digiri na biyu da na uku, sai ya warware wannan lissafi tun kafin ya taka aji. Gwanintarsa tana bayyana ne a 'yar takardar da yake rabawa ranar farko, mai ɗauke da jadawalin karatu da dokokin aji.

Sabon shiga kan ƙirga shafuka ya raba su daidai da makonni. Gwani kuwa kamar ƙwararren mahauci yake, sai ya lalubo gaɓa kafin ya sa wuƙa. Ya san Dickens wata-wata ya riƙa fitar da Bleak House, daga Maris 1852 zuwa Satumba 1853, kashi 20, kowane kashi sule ɗaya, na ƙarshe biyu a haɗe. Dickens yakan tsaya inda mai karatu zai ƙagu wata ya kama ya sayi na gaba. To a nan malamin yake tsayar da ɗalibansa, don su ɗanɗani ɗokin da mutanen Landan suka yi. Middlemarch ma kashi 8 ya fito tsakanin 1871 da 1872, sai ya ba da bibbiyu, a gama cikin wata guda.

Sannan ya san abin da zai jingina wa kowane mako. Ranar da aka zo kan Misis Jellyby ta cikin Bleak House, matar da ta bar 'ya'yanta cikin dauɗa tana ta rubuta wasiƙun ceton wasu mutane a gaɓar kogin Neja, sai ya haɗa da labarin ayarin Turawan 1841, waɗanda suka kafa gona a wajen Lokoja zazzaɓi ya kashe da yawansu. Nan take ɗalibi zai gane wa Dickens yake yi wa shaguɓe, ya kuma tambayi kansa me ya sa mutanen bakin kogin ba su da murya a littafin. Middlemarch kuma ana karanta shi tare da dokar gyaran zaɓen Birtaniya ta 1832, domin a jajibirinta labarin ya faru.

Dokokin ajin ma kowace da dalilinta. Bugu iri ɗaya kowa zai saya, don idan aka ce a buɗe shafi kaza, duka idanu su sauka kan jimla guda. Fashi yana rage maki, domin ajin zaman muhawara ne, wanda bai zo ba ya tauye sauran. Kowane mako ɗalibi zai miƙa shafi ɗaya na abin da ya lura da shi, kowa kuma da ranar da zai jagoranci tattaunawa. A tsakiyar zango ake karɓar tsarin babbar maƙala, kada a wayi gari a makon ƙarshe ana kame-kame. Satar rubutun wani kuwa tana iya kai mutum ga kora.

Da wannan shiri, malamin ba ya bukatar dogon jawabi. Yakan jefa tambaya ɗaya: me ya sa Dickens ya raba labarin Bleak House tsakanin Esther Summerson, mai faɗin abin da ya wuce, da wata murya marar suna mai faɗin abin da ke faruwa yanzu? Sai ya ja bakinsa ya bar musu fili. Tun da kowa ya karanta, kuma a wuri ɗaya aka tsaya, awa uku sukan ƙare ba a gama musu ba.